Kafin Ka Yabi Agogon Matuƙa Jirgi, Danna Maɓallinsa

Yarona,

Jiya muna shirin tashi ka ɗago agogon nan da aka kawo, mai baƙar fuska da manyan lambobi da maɓallai biyu a gefe, ka ce mini: "Maigida, mai shi ya ce a duba a gaya masa ko agogon kirki ne. A kwalinsa an rubuta wai irin na matuƙa jirgin sama ne, mai jure wahala. Ni dai na ga ya yi kyau, ga nauyi. Ta ina ake fara duba irin wannan?" Ban ba ka amsa a tsaye ba, don maganar ta fi ƙarfin tsayuwa. Ga ta yanzu.

Fara cire nauyi daga lissafinka. Ƙarfe ne, kowa na iya ƙara shi. Baƙar fuska da manyan lambobi kuwa fenti ne. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya kamata ka sani shi ne dalilin da ya sa aka yi wa agogon matuƙa wannan siffa tun asali, sai ka duba ko wanda ke hannunka ya cika dalilin ko kuwa rigar kawai ya ara.

A 1904 Cartier ya ƙera wa Alberto Santos-Dumont, ɗan Brazil mai tashi sama a Faransa, agogon ɗaurawa a hannu, saboda mutumin da hannayensa biyu ke kan tuƙi ba shi da damar laluben aljihu. Duk abin da ya biyo baya daga wannan bukata ya fito. An yi fuskar baƙa, lambobin farare, don a karanta da kallo ɗaya. An yi abin wani, wato ɗan kan da ake murzawa a gefen agogo, babba don mai safar hannu ya iya murza shi cikin sanyi. Shi kuma kuronogiraf, wato hannun da kake tayarwa ka tsayar da kanka, shi ne abin lissafin hanya: matuƙi ya san gudun jirginsa, in ya san minti nawa ya yi a kan hanya ɗaya ya san nisan da ya ci, ya san lokacin juyawa. Kuskuren minti biyu a sama kilomita ne masu yawa a ƙasa.

Saboda haka gwajin farko ba ya bukatar sukundireba. Ɗaura shi, ka miƙe hannu, ka kalla sau ɗaya ka kau da kai. Ƙarfe nawa? In sai da ka sake kallo, ya faɗi. Sannan ka tayar da kuronogiraf ɗin, ka bar shi ya yi minti goma sha bakwai, ka sake kallo ɗaya a ƙaramin da'irar da ke ƙirga minti. Nan ne da yawansu ke jin kunya: lambobin ƙanana, hannun kalarsa ɗaya da fuskar, ko babban hannun minti ya kwanta a kai ya rufe. Ka juya shi ƙarƙashin fitila ka ga ko gilashin yana mayar maka da haske. Ka shiga da shi duhu, amma kada ka yi hukunci a minti na farko, don kowane fentin haske yana ƙyalli sa'ad da ya sha fitila. Bayan awa huɗu ko biyar za ka san na gaske.

Yanzu maɓallan, kuma a nan nake so ka daɗe. Na sama shi ke tayarwa da tsayarwa, na ƙasa shi ke mayarwa sifili. Wannan tsari na maɓallai biyu Breitling ne ya fito da shi a 1934, kuma har yau a kansa ake. Sa madubin ido, ka kafa idonka a kan tsinin dogon hannun daƙiƙa, ka danna. Ya tashi sumul ne, ko ya yi ɗan tsalle gaba, ko ya ja da baya kafin ya tafi? Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne a injin da haƙoran giyarsa ke shiga juna ta gefe, amma tsallen da ya kai rabin daƙiƙa yana nuna ba a saita zurfin haƙoran daidai ba. Ka saurari yatsanka ma. Dannawa ta fari da ta biyu su zo da ƙarfi kusan ɗaya, da ƙara mai tsabta, ba laushi kamar ka danna soso ba.

Sai mayarwa. A ƙarƙashin kowane hannun kuronogiraf akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar zuciya. In ka danna maɓallin ƙasa, wata 'yar guduma ce ke faɗo masa a gefe, ta tilasta masa juyawa har ta zauna a shafaffen wurinsa, hannun ya koma sha biyu cikin ƙiftawar ido. Bugu ne na gaske, kuma hannun nan siriri a matse kawai yake a kan sandarsa. To kada ka gwada sau ɗaya ka gamsu. Tsayar da shi a daƙiƙa 15 ka mayar, a 30 ka mayar, a 45 ka mayar, ka yi haka sau goma. Kowane karo tsinin ya sauka a tsakiyar alamar sha biyu, ba gashi ɗaya hagu ko dama ba. Na taɓa karɓar wani sabo fil, ko wata uku bai yi ba, yana komawa daidai in an tsayar da shi kusa da sama, amma in ya taso daga 30 sai ya wuce da rabin daƙiƙa. Da na cire hannun sai na ga bututunsa ya saki, kowane bugu yana zame shi kaɗan. Da gwaji ɗaya na yi, da na mayar wa mai shi na ce lafiya lau, kuma da na cuce shi.

Ka kuma jira dogon hannun ya zagayo 60 ka ga ko mai ƙirga minti ya matsa a daidai lokacin. Kuma ka kiyaye: kada ka danna maɓallin ƙasa alhali hannun na tafiya, in ya ƙi kada ka matsa masa, za ka lanƙwasa abin da ke ciki. Akwai irin da aka ƙera don haka, wanda dannawa ɗaya ke mayar da hannun sifili ya ci gaba da tafiya nan take. Longines ya sami rajistar wannan fasaha a 1936, kuma sojan saman Faransa sun sa ta cikin sharuɗɗan agogonsu na Type 20 a shekarun 1950, don matuƙin da ya juya kwana ya fara sabon ƙirga da dannawa ɗaya maimakon uku. In na hannunka yana da wannan, ka faɗa wa mai shi, abin yabo ne. In ba shi da shi, ka gargaɗe shi.

Da ka buɗe baya, ka fara sanin injin. Wajen abin da ke sarrafa maɓallan a ciki, za ka ji masu son agogo suna fifita injin mai 'yar ƙafa mai ginshiƙai a kan mai faranti masu zamewa, kuma gaskiya na farkon ya fi daɗin dannawa. Amma ni in ana maganar jure wahala, ban raina na biyun ba ko kaɗan. Injin Valjoux 7750, wanda ya fito tun farkon shekarun 1970, irinsa ne, yana bugu 28,800 a awa, takwas ke nan a daƙiƙa, kuma yana cikin agogunan matuƙa ba iyaka. Yana da kauri, maɓallinsa da ɗan tauri, sai dai ana samun kayansa kuma duk mai gyaran da ya ƙware ya san cikinsa. Agogon da za a iya gyarawa bayan shekara ashirin ya fi mini wanda sai kamfaninsa kaɗai. In shi ne, za ka ji ƙarfen da ke yi masa wani yana juyi har agogon ya ɗan girgiza a hannu. Halinsa ne, ba ciwo ba. Ka dai hana mai shi canza kwanan wata tsakanin takwas na dare da biyu na dare, lokacin da haƙoran kwanan ke haɗe. In kuwa ka tarar da batir a ciki, kada ka taɓe baki. Mai batir ya fi riƙe lokaci, ya fi jure faɗuwa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a sayar da shi da sunan wani abu daban.

Maganar ƙarfi kuma, maƙiyan agogo uku ne: ruwa, maganaɗisu da faɗuwa. Agogon da aka saba ƙofa ɗaya gare shi a gefe, wannan uku, kowace da zoben robarta. In an rubuta yana jure ruwa har mita 30, fantsalin ruwan wanke hannu kawai ake nufi. Ba a iyo da shi sai ya kai mita 100, kuma ko a hakan ba a danna maɓalli cikin ruwa. Kada ka dogara da rubutun, sa shi a injin gwajin iska.

Maganaɗisu ya fi ɓoyewa. Yana manne zaren sifirin ɗin nan mai kama da gashi da ke daidaita bugun agogo, agogo ya kama gudu, minti da yawa a rana. Ɗakin matuƙi cike yake da na'urori, shi ya sa agogon IWC Mark 11 da aka yi wa sojan saman Ingila a 1948 aka kewaye injinsa da akwatin tattausan ƙarfe. Yau lasifika da murfin waya da maɓallin jaka su ne ke wannan ɓarnar. To ka lura: in bayan agogon gilashi ne ana hango inji, babu cikakken akwatin nan, sai dai ko an yi sifirin ɗin da abin da maganaɗisu ba ya kamawa. Ka bincika wanne ne. Ƙa'idar duniya ta ISO 764 tana neman ya jure maganaɗisu mai ƙarfin amfiya 4,800 a mita, ita kuma ISO 1413 ta faɗuwa tana kwatanta faɗowa daga tsayin mita ɗaya kan katako mai tauri. Mita ɗaya fa, kan katako. Wannan shi ne iyakar alkawarin, ka gaya wa mai shi kada kalmar kwali ta ruɗe shi. Jamus ta fitar da ƙa'idar DIN 8330 a 2016 musamman don agogon matuƙa, kuma kaɗan ne ke ɗauke da ita.

Gilashin saffaya ba ya karcewa da sauƙi amma yana tarwatsewa in ya bugu sosai. Na roba yana karcewa amma ana goge shi ya dawo. Sai 'yan sandunan da ke riƙe maɗauri, waɗanda ba mai kallonsu: ja su da ƙarfi. Agogo da yawa ta nan suke faɗuwa.

Daga nan ka ɗora shi a na'urar auna bugu, fuska sama, fuska ƙasa, abin wani ƙasa, ka rubuta. Ka tayar da kuronogiraf ka sake aunawa, ka ga yadda ƙarfin lilon 'yar ƙafar da ke bugu a ciki ya ragu; raguwa kaɗan daidai ne, mai yawa kuwa mai ya bushe ko wani abu na gogar wani. Ma'aunin COSC, hukumar Suwizalan mai gwada daidaiton agogo ta ba da takarda, shi ne kada ya yi latti fiye da daƙiƙa 4 ko sauri fiye da 6 a rana. Wanda ba shi da takardar kada ka ɗora masa wannan, amma ka faɗi abin da ka gani da lamba. In mai shi ya yarda, ka ɗaura shi kwana bakwai, don kauri da kaifin gefe ba sa bayyana a kan tebur.

Bayan ka tafi jiya na danna shi sau 'yan kaɗan, kuma na ga wani abu a ƙaramin hannun minti. Ba zan faɗa maka ba tukuna. Gobe da safe, kafin ka taɓa murfin baya, ɗauki madubinka da takarda, ka tayar da shi ka bar shi ya wuce minti ashirin, ka mayar, ka yi haka sau uku, sannan ka zo ka nuna mini abin da ka rubuta.