Mun fita shaƙatawa mun dawo da ɓacin rai: laifin Legas ne ko nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune da iyalina a Agege. Bayan Babbar Sallah na rufe shago kwana uku, na ɗebi uwargida da yara huɗu muka nufi bakin teku ta wajen Lekki. Awa uku muka yi a cunkoso, kuɗin shiga ya ninka yadda na zata, ga yayyafi. Da muka dawo uwargida ta ce mitata ce ta ɓata fitar, ba hanya ba. Da gaske halin mutum ke sa hutu ya yi daɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka da alheri, domin ba kowane magidanci ke barin ciniki ya fita da iyalinsa ba. Sai dai a gaskiya ina bayan uwargida, kodayake ba duka laifin ke kanka ba.

Cunkoso ba kai ka ƙirƙire shi ba, ruwa kuma na Allah ne. Abin da ke hannunka shi ne zaton da ka fito da shi daga gida. A fagenmu na nazarin halayyar ɗan Adam mun san ɓacin rai yakan taso ne daga tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya sa rai da abin da ya tarar. Wanda ya tashi daga Agege ranar hutu yana lissafin awa ɗaya zuwa Lekki, ga gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 a gabansa, tun a ƙofar gida ya ƙulla wa kansa fushi. Da awa uku ka ware, ka tanadi ruwa, soyayyen naman layya da labarai, da zaman motar ma ya shiga cikin yawon.

Yaran nan su ne suka fi damuna. Ƙaramin yaro bai san tsadar tikiti ba, fuskar babansa yake karantawa. Kowane tsaki da ka ja a gaban mota ya isa kujerar baya, sai kowa ya kama kansa, dariya ta ɗauke. Shi ya sa iyayenmu suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ka kashe kuɗi ka shimfiɗa tabarmar, fuskar ce ka naɗe.

Akwai wani abu da masani Daniel Kahneman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002, ya nuna. Zuciya ba ta auna tafiya minti da minti. Wuri biyu take riƙewa: inda abin ya fi tsanani, na daɗi ko na wuya, da kuma yadda aka ƙare. Wato idan an sha wahalar hanya da safe amma aka rufe ranar da tsire mai zafi da raha a hanyar komawa, abin da yara za su riƙa ba da labari ke nan. Idan kuwa da faɗa aka shiga gida, teku ma sai a manta an gan shi.

Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan mutum 1,530 a ƙasar Holan ya gano cewa masu shirin tafiya hutu sun fi sauran farin ciki tun kafin su tashi, amma bayan dawowa waɗanda suka huta cikin natsuwa sosai ne kawai farin cikinsu ya ɗan daɗe. Don haka ka sa yara cikin shirin tun saura mako biyu, su zaɓi wuri, su yi ta ɗoki. Wannan ɗokin kyauta ne.

Kada a fahimce ni da cewa ka yi murmushin dole. Mai ciwon kai ko mai tunanin bashin kaya ba ya sakewa don an ce ya sake. Ka tambayi kanka: a bakin tekun nan sau nawa ka ɗaga wayar yaron shago? Da yawa daga 'yan kasuwarmu jikinsu ne ke hutu, zuciyar tana rumfa. Ka damƙa amanar ga wanda ka yarda da shi, ka sa lokaci ɗaya a yini na kiran waya. In kuwa ka ga saurin fushi da rashin jin daɗin komai sun zarce mako biyu, har barci ya gagara, wannan ya wuce batun hutu, ka ga likita.

Fita ta gaba, ku kama hanya da an sallame Asuba, kuma ka guji watan Yuni da Yuli da ruwa ya fi ƙarfi a Ikko. Ka tambayi kuɗin shiga tun daga gida, ka riƙe ƙari a aljihu. Ba lallai sai teku ba: gandun Lekki Conservation Centre na da birai da gadar sama ta tafiya da ƙafa tsakanin bishiyoyi mai tsawon mita 401, Badagry kuma na da wani tsohon bene na tarihi da aka gina a 1845. Jirgin ƙasan da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo shi kansa abin kallo ne ga yaron da bai taɓa shiga ba. Kafin nan, yau da dare ka zauna da uwargida ka ce mata ka ji maganarta, sannan ka tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya abin da ya fi burge su a ranar.