Wandon aiki: tsadar ce ke sa ya daɗe ko kuwa?

Salam ɗan uwa. Ka tambaya ko gara ka riƙa sayen wandon jins mai araha kana sauyawa duk bayan 'yan watanni ko ka daure ka sayi mai tsada guda ɗaya, tunda ka ce aikinka na durƙuso ne da hawa da sauka, kuma kullum hantsa da gwiwa ne suke fara yagewa. Ni ma aikin ƙarfi nake yi shekara da shekaru, wanduna sun mutu a jikina ba adadi, toh ga abin da na gani.

Mafi araha ɗin nan dai kam asara ne, wannan ba gardama. Amma kuma wlh ba kowace tsada ce ke nufin ƙarko ba, don kuɗin da kake ƙarawa wani lokacin sunan kamfani kake saye, wani lokacin kuma wankin da aka yi wa wandon ya koɗe ya yi kyau a ido kake biya, shi kuma wannan wankin cin yadin yake yi. Wandon da ka gani a shago ya riga ya yi fari-fari a cinya da gwiwa, an wanke shi ne da duwatsu ko an goge shi da sanfefa ko sinadari, kenan an cinye wani kaso na rayuwarsa tun kafin ka sa shi. Da har yashi ake fesa masa da iska mai ƙarfi, sai da ma'aikata suka riƙa kamuwa da ciwon huhu sannan Turkiyya ta hana a 2009, manyan kamfanoni ma suka daina daga baya. Don aiki ka nemi wanda launinsa yake a cike, duhu sosai, shi zai koɗe da kansa a jikinka.

Abu na farko da nake dubawa nauyin yadi. Ana auna yadin jins da oza a kowane yadi murabba'i, za ka ga an rubuta 10 oz ko 12 ko 14 a lebul ko a bayanin kayan idan ta intanet kake saye. Ƙasa da 12 mara nauyi ne, na yawo da zuwa ofis. Daga 12 zuwa 16 shi ne matsakaici kuma a nan mai aikin ƙarfi ya kamata ya tsaya, ni 13 zuwa 14 na fi so. Sama da 16 akwai ƙarfi amma zafi zai dame ka kuma kafin ya yi laushi ka sha wuya a bayan gwiwa. Idan da giram aka rubuta, oza 12 wajen giram 400 ne a kowace mita murabba'i. In babu rubutu ko ɗaya ɗaga ƙafar wandon ka duba ta cikin haske, idan kana hango haske ta tsakanin saƙar ajiye shi kawai.

Na biyu, wanda ina zargin shi ne matsalarka, roba. Yawancin jins na yanzu ana saka musu zaren roba kashi 1 zuwa 3, a lebul za ka ga elastane ko spandex ko Lycra, duk abu ɗaya ne. Daɗin sawa kam akwai, ba na musu, amma wannan zaren ba ya jure zafi da goga, da an ɗan jima ana wanki da guga sai ya fara tsinkewa a ciki, gwiwa ta yi jaka, tsakanin cinyoyi ya yi kaushi-kaushi kamar ya tattare, daga nan sai ɓarkewa. Kuma masu roba galibi an fi yin su da yadi mara nauyi a ɗinka su matsattsu, kaga matsala ta zama biyu. Kashi 1 a yadi mai kauri ana iya haƙuri da shi, ya wuce haka ni ba na ɗauka don aiki.

Maganar hantsa kuwa bari in ɗan daɗe a kai don mutane da yawa suna ɗora wa yadi laifi alhali yankan ne. A jins na yau da kullum ɗinki huɗu ne suke haɗuwa wuri guda a ƙasan hantsa, duk lokacin da ka tsuguna ko ka ɗaga ƙafa ka taka tsani a wannan wurin duk nauyin yake tsayawa, ga gumi ga gogar cinya. Wandon aiki na gaske za ka ga an saka masa wani yanki na yadi a hantsar, mai siffar lu'ulu'u ko dogo har zuwa cinya, shi yake raba jan ya ba ka damar buɗe ƙafa. Idan ka samu mai wannan ko da ya ɗara sauran kuɗi ka ɗauka, wannan ƙarin kuɗin ba a banza yake tafiya ba. Sannan girman wando, dan Allah kar ka sayi wanda ya kama cinyarka, kuma kar ka sayi wanda hantsarsa ta zazzago ƙasa sosai don shi ma yagewa yake idan ka taka nesa. Ka gwada shi ka tsuguna har ƙasa a gaban mai shagon, ba kunya a ciki, kuɗinka za ka bayar.

Sai ɗinki. Juya wandon ciki waje. Ɗinkin cikin ƙafa da na baya ya kamata ya zama nannaɗe, layi biyu ko uku, wato an lanƙwasa bakin yadin a cikin juna an taka, ba a bar shi da ɗinkin gefe na obalok kaɗai ba. Duba bakin aljihu da madaukan bel da ƙasan zif, ya kamata ka ga ɗan gajeren ɗinki mai kauri da aka maimaita a wurin, ko ƙusar jan ƙarfe. Ita wannan ƙusar ai ita ce asalin jins ɗin gaba ɗaya, wani tela ne Jacob Davis a garin Reno na Amurka ya fara buga ta a kusurwar aljihu saboda wandunan ma'aikata a nan suke yagewa, shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi mata rajista a 1873. Kaga tun farko kayan leburori ne kafin ya koma na gayu. Yanzu wasu ƙusoshin ado ne kawai, ka taɓa ta ciki ka ji ko ta huda yadin da gaske. Zif kuma na ƙarfe, in ka ga YKK, sunan wani kamfanin zif, a jikin kan zif ɗin alama ce mai kyau duk da shi ma ana yin jabunsa. Kar ka manta da yadin cikin aljihu, nan ne masu araha suke rage kuɗi, su sa wani ɗan siririn ƙyalle wanda makulli ko ƙusa ɗaya za ta huda.

Wani abu kuma, ba dole sai jins ba. Tunda durƙuso kake yi ka duba wandon kanbas mai kauri irin na Carhartt mai gaba biyu, wanda aka ninka yadin tun daga cinya har ƙasan gwiwa, yadinsu na asali oza 12 ne na auduga, kamfanin kuma tun 1889 kayan ma'aikatan jirgin ƙasa ya fara ɗinkawa. Akwai wasu kamfanonin da suke sa yadin Cordura, wani yadi mai jure goga, a gwiwa da aljihun da ake zura soso a ciki, gwiwarka ma ta huta. Idan kuma aikin na cikin gareji ne ko sito, akwai wandon kamfanin Dickies mai lamba 874, polista ne kashi 65 auduga 35, bai kai jins nauyi ba amma yana jure wanki, yana bushewa da wuri, launi ba ya saurin tafiya. Sai dai a kula sosai, mai walda ko wanda yake aiki kusa da tartsatsi ko wuta kar ya sa polista ko mai roba, narkewa yake ya manne a fata, auduga zalla mai kauri ita ce ta fi ko kuma wanda aka yi musamman don wuta. Wannan ba maganar kuɗi ba ce, maganar lafiyar jiki ce.

Su kuma masu tsadar can sama, irin jins ɗin Japan da ake saƙawa a tsohuwar masaƙa mai bakin yadi a rufe da jan zare, suna da kyau ƙwarai kuma ina ganin girman aikin, amma kuɗin na jinkirin saƙa ne da rini da ƙarancin kayan. Bakin yadin nan ba ya hana gwiwa hujewa a kan siminti. Wanda ya ninka kuɗin wandon aiki mai kyau sau uku ko huɗu ba zai ninka shi daɗewa sau uku ba, ni ban taɓa gani ba. Shi ya sa nake cewa ka tsaya a tsakiya, kamfanonin da sana'arsu kayan aiki ce, kuma ka kula da jabu don sunayen nan duk ana kwaikwayonsu, idan lebul ya ce abu ɗaya ɗinki ya ce wani ka yarda da ɗinkin. Gwanjo ma ana samun na asali masu nauyi a ciki, sai dai ka ɗaga hantsa da gwiwa a haske ka ga ko sun riga sun yi siriri.

Lissafin da nake yi shi ne kuɗin wando a raba da watannin da ya yi. Mai araha da ya mutu a wata uku, da wanda ya ninka shi kuɗi sau biyu ya yi shekara, kai ma ka san wanda ya fi cin aljihunka. Amma in kana da kuɗin mai tsada guda ɗaya, gara ka raba ka sayi matsakaita biyu kana musanyawa, don wandon da ake sawa kullum gumi ba ya bushewa a cikinsa, datti da yashi kuma su shiga saƙar suna yanka zaren a hankali. Masu cewa kar a wanke jins wata shida, wannan na masu son zanen koɗewa ne, kai mai aiki ka wanke abinka. Ka juya shi, ruwa mai sanyi, ba bilic, kar a dirje shi da burushi mai ƙarfi, a shanya a inuwa, guga kuma ba ya buƙata. Ka sa rai sabon na auduga zalla zai ɗan tsuke a wankin farko, saboda haka kar ka kai a rage tsawon ƙafa sai an wanke.

Faci kuma kar ka jira sai ya huje. Da ka ga tsakanin cinya ya fara fari, farin zaren ciki ya fito, kai wa tela ya sa ƙyallen jins ta ciki ya bi da ɗinki gaba da baya da zare mai kalar wandon, zai ƙara maka watanni masu yawa. In ya riga ya ɓarke facin ba ya kamawa da kyau don gefen duk ya rube. Waɗanda suka mutu a wurinka yanzu kar ka zubar, ka yanke ƙafafun ta baya inda yadin yake da sauran ƙarfi ka ajiye don facin. Kuma ka duba lebul ɗinsu ka faɗa min kashi nawa ne robar da irin aikin da kake yi takamaimai, sai in fi sanin ko jins zan ce maka ko kanbas.