Nawa ake ba ɗan rakiya na goro a zagayen birnin Kano?

Malam, kana tambayar abin da za ka ba wanda zai zagaya da baƙinka Gidan Makama (gidan adana kayan tarihi), Dutsen Dala da kasuwar Kurmi. Ku fara yanke ladansa kafin a tashi, har da wanda zai biya Adaidaita Sahu da kuɗin shiga, don a nan ake rigima. Na goro kuwa, kashi 10 cikin 100 na ladan ya isa; in ya wuni da ku a rana, kai shi 15. Ka tanadi 'yan ₦500 daban saboda marinan Ƙofar Mata, in za a ɗauki hotonsu. A Kurmi, in ya nace wa shago guda, galibi yana da la'ada a can. Ka dunƙule na goron, ka miƙa wa ɗan rakiyar da hannun dama a gefe.