Amsa ga yarona kan inda ake samo sabon kiɗa

Yarona, tambaya biyu ka yi mini a saƙonka. Ta farko, ina nake samo waƙoƙin da ba ka taɓa ji a rediyo ba, musamman gambarar zamani da kiɗan na'ura da waƙoƙin yaran da ba su da wani kamfani a bayansu. Ta biyu, ta yaya mutum zai san daren da ya cancanci a je a gidajen rawa na garin nan namu, Kaduna. Ka kuma ce kullum in ka buɗe manhajar waƙoƙi ta Audiomack, abin da ke saman jeri shi kake saukewa, amma in ka hau kan kaya sai ka ga kamar jama'a sun riga sun ƙoshi da abin da kake sa musu.

Ai dole su ƙoshi. Waƙar da ta hau saman jeri ta riga ta zama ta kowa, mai shayi yana da ita, ɗan Keke ma da ita ya kawo baƙin wurin bikin. Wajibi ne ka riƙe ta, domin za a nema, amma ba saboda ita ake ɗaukar DJ a biya shi ba. Abin da ake saya a wurinmu kunne ne, wato mutum ya ji abin da zai motsa jama'a tun kafin jama'ar su san da shi. Kuma irin wannan waƙa ta hanyar mutane ake samun ta, ba ta hanyar jeri ba.

Ka fara da furodusa. Yawancin waƙoƙin gambara na yanzu, a daƙiƙun farko za ka ji wata 'yar murya ta ambaci sunan wanda ya haɗa kiɗan. Mutane suna wuce wannan sunan, kai kada ka wuce shi. In kiɗa ya burge ka, ka nemi shafin mai haɗa shi, ka saurari duk wanda ya yi wa aiki, har da wanda mutum ɗari biyu kacal suka saurara. Daga nan ka duba waɗanda mawaƙin ya gayyato cikin waƙarsa, ka bi kowane ɗaya zuwa nasa shafin, shi ma ka duba wa ya gayyata. Kafin ka yi nisa za ka tsinci kanka a inda babu talla, babu hoton bidiyo mai tsada, sai yaran Tudun Wada da Kabala da Narayi da Samarun Zariya suna ɗora abin da suka naɗa da kuɗin aljihunsu. Mafi yawansa ba zai yi maka amfani ba, wannan gaskiya ce, wani muryar ta shige cikin kiɗa, wani kuma kwaikwayon Legas ne tsagwaronsa. Amma a cikin tarin nan ne ake tsintar guda ɗaya da za ta riƙe maka fili.

Dalilin da ya sa na fi son Audiomack da SoundCloud a wannan aikin shi ne kowa yana iya ɗora waƙarsa da kansa ba tare da ɗan tsakiya ba. Boomplay, wanda ya fara aiki a 2015 kuma yake zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix, da Spotify wanda ya shigo Najeriya a 2021, suna da nasu amfanin, sai dai ka san halin na'urarsu: abin da ya yi kama da wanda ka saba ji shi za ta yi ta turo maka. In ka sakar mata ragama, bayan wata shida kunnenka zai ƙuntata ba ka sani ba. Saboda haka lokaci-lokaci ka riƙa neman abin da ba naka ba da gangan, ko da ba za ka taɓa sa shi a wurin aiki ba.

Kada kuma ka raina na gida. Jos ta fitar da M.I da Jesse Jagz da Ice Prince ta hannun Chocolate City, kamfanin da Audu Maikori, ɗan jihar nan, ya kafa tare da abokansa a 2005. Bauchi ta fitar da ClassiQ da B.O.C Madaki, Kaduna ta fitar da DJ AB. Waɗanda za su biyo bayansu yanzu haka suna cikin ƙananan situdiyo suna rigima da mai janareta. Ka riƙa leƙa irin waɗannan wurare, ka gaisa da masu su, ka zauna ka ji abin da ake naɗa. Furodusan da ya san kai DJ ne mai sauraro da gaske, shi da kansa zai riƙa turo maka aiki kafin ya fita.

Akwai wasu mutane da yaran yanzu suke wucewa, su ne masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, irin waɗanda za ka gani da kwamfuta a kan tebur a kewayen Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Barci. Data ta rage musu ciniki, amma har yanzu suna jin abin da talaka yake nema da bakinsa. Kada ka tambaye su wace waƙa ce ta fi tashe, wannan ka riga ka sani. Ka tambaye su wace waƙa ce aka zo nema makon nan ba su da ita. Abin da ke yawo daga waya zuwa waya ba ƙaramin abu ba ne. A 2011 wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifai guda na waƙoƙin da aka tattaro daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, kuma ta wannan hanyar wasu mawaƙan Sahara suka samu masu sauraro a Turai. Kamfanin nan ne kuma ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Nijar a 2013, wanda ya naɗa da ogan ɗin lantarki tun 1978. Na kawo maka wannan ne don ka san kiɗan na'ura ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, kuma kiɗan fiyanon da ake yi wa waƙoƙin finafinanmu shi ma a kan na'ura ake haɗa shi.

Shi kiɗan na'ura na rawa, neman sa ya bambanta da na gambara, domin sau da yawa babu mawaƙi, babu baitin da za ka riƙe ka rubuta a wurin nema. Salon da ake kira house a Chicago ya taso, a hannun irin su Frankie Knuckles a wani gidan rawa da ake kira Warehouse. Techno daga Detroit ya fito a shekarun 1980. Amapiano na unguwannin Johannesburg da Pretoria ne, gqom kuma na Durban. Hanyar da ake bi a san su ita ce sauraron dogon haɗin da wasu DJ suka yi, na awa ɗaya ko biyu, a Mixcloud ko SoundCloud ko shafin Boiler Room na YouTube. Ka saurara daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba, da takarda a gefenka, in wani wuri ya tsaya maka a rai ka rubuta mintin, daga baya ka duba jerin sunaye in an sa, in ba a sa ba ka gwada Shazam, manhajar da take gane sunan waƙa in ta ji ta. Riba biyu za ka ci, ka samu waƙar, ka kuma ga abin da gwani ya sa kafinta da bayanta.

Nan ne maganar gudun kiɗa take shigowa, kuma ina so ka iya ƙirga shi da kunnenka ko da kwamfuta tana nuna maka. Ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Gambara yawanci tana tsakanin bugu 85 zuwa 100 a minti, amapiano wajen 110 zuwa 115, house kuma daga 120 zuwa sama kaɗan. Duk sabuwar waƙar da ka samu, ka rubuta gudunta a jikin sunanta tun ranar, domin waƙar da ba ka san inda za ta zauna a cikin dare ba, tamkar ba ka da ita ne.

Abu guda da nake son ka kiyaye sosai: kada ka yanke wa kiɗan na'ura hukunci da sifikar waya. Gangar nan mai ƙugi ta amapiano, a waya sai ka ji ta kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani, amma a kan wufa, wato babbar sifikar da take fitar da ƙugi, har a ƙirji ake jin ta, kuma ita ce take ta da mutane daga kujera. Haka nan akasin sa yana faruwa. Waƙar da aka ciro daga bidiyo aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, a abin kunne ba za ka ji aibinta ba, amma da ka ɗora ta a manyan sifiku sai saman kiɗan ya riƙa tsatsa, ƙasansa ya zama fanko, mutane su ɗauka kayanmu ne suka lalace. Fayil ɗin MP3 mai lamba 128 ingancin sautinsa kaɗan ne, ba na aiki ba ne, ka nemi mai 320 ko fayil ɗin WAV, su ne masu inganci. In mawaƙin na kusa ne, ka roƙe shi ya turo maka ainihin fayil ɗin a matsayin dokumen, kuma in ka sa waƙarsa ka ambaci sunansa a makirufo. Wannan shi ne ɗan abin da za ka iya biyan sa da shi.

Sai maganar dare. Ka san yadda garin nan yake, yawancin gidajen rawa da wuraren shaƙatawa suna tsallaken kogi ne, wajen Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, a wannan ɓangaren kuma aikinmu ya fi yawa a kamu da dina da sauran shagalin biki. Mai son ya iya sana'ar nan sai ya san duka biyun. Daren da ya dace da mai neman sabon kiɗa ba shi ne wanda aka cika gari da fostarsa aka kawo babban mawaƙi daga Legas ba, domin a irin wannan daren DJ ba ya da ikon kauce wa abin da kowa ya sani. Ka nemi ƙananan darare na tsakiyar mako, da waɗanda ake ba kowa makirufo ya gwada baitinsa, da shagulgulan ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da na ABU a Zariya. Labarinsu ba ya zuwa rediyo, a Instagram da sitatus na WhatsApp yake yawo, kuma masu ba da hayar kayan sauti sun fi kowa sanin sa, tunda su ake kira tun mako guda kafin ranar. In hali ya yi, jirgin ƙasa daga Rigasa zai kai ka Abuja, inda darare na house zalla suka fi samuwa.

In ka je, ka je da wuri. DJ na farko, wanda yake kiɗa lokacin da ake jera kujeru, shi ne yake da 'yancin sa abin da yake so, saboda babu wanda ya matsa masa tukuna. Ka samu gefe ka tsaya inda kake ganin fili, ka bar kallon hannun DJ, ka kalli ƙafafun mutane da kafaɗunsu. Za ka ga wata waƙar ba wanda ya san ta, amma mai ɗauke da faranti ma tana tafiya tana gyaɗa kai. Wannan ita za ka nema. Kada ka kutsa wayarka cikin kayan mutum, kada kuma ka leƙa fuskar kwamfutarsa, wannan rashin ladabi ne a sana'armu. Ka jira ya sauka, ka gaishe shi, ka tambaya. Wani zai faɗa maka, wani zai yi dariya ya ƙi, kuma kada ka ji haushi, domin abin tsoho ne: Kool Herc, wanda ake danganta farkon gambarar zamani da shagalin da ya yi a Bronx ta New York a watan Agusta 1973, yakan jiƙa faifansa ya ɓare takardar sunan don kada abokan hamayya su gane abin da yake sawa. Ka tafi da abokin tafiya, ka san yadda za ka koma gida tun kafin ka fita, kuma ka tuna aiki ya kai ka.

Samo waƙa rabin aikin ne, saura shigar da ita. Kafin komai ka saurari baitocinta kaf, har ƙarshe. Yaran gambara da yawa suna da baki, kuma zagi ko batsa da Hausa ba ya ɓuya kamar na Turanci, kowa a wurin zai ji, har da surukai da ke zaune a gaba. Abin da ya wuce a Barnawa ƙarfe ɗaya na dare zai iya sa uwar amarya ta aiko a kashe kaya a Unguwar Rimi. Saboda haka ka ware folda biyu tun yanzu, kuma ka tambayi mawaƙin ko yana da wadda aka tsabtace.

Idan za ka sa ta, ka sa ta tsakanin waƙoƙi biyu da kowa ya sani masu gudu ɗaya da ita, lokacin da fili ya riga ya yi zafi, ba a farkon dare ba, ba kuma lokacin da ake liƙi ba, domin mai liƙi abin da ya sani yake so. Ka shigo da ita daga amshi ko daga inda ganga ta fi ƙarfi, ka ba ta kamar minti ɗaya da rabi, idonka a kan fili. In mutane suka ci gaba da rawa ba su ɗago sun kalle ka ba, ta zauna. In ka ga 'yan mata sun fara komawa kujera suna duba waya, ka fita da ita a hankali ba tare da ka nuna ka razana ba, amma kada ka goge ta, ka sake gwada ta a wani wurin da wasu mutanen, tunda sau da yawa lokacin ne bai dace ba.

Ranar Asabar muna da dina a Malali. Ka zo shago da la'asar da sababbin waƙoƙi biyar da ka samo da kanka, kowacce da gudunta a rubuce da sunan wanda ya haɗa kiɗan, mu ɗora su a kan manyan sifiku mu ji kafin a loda kaya a mota. Wadda ta tsira, kai za ka sa ta da hannunka bayan an yanka kek.