Tambaya da Amsa: Me ya sa jitata ta ƙi yin sautin AC/DC?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jitar lantarki mai fikof (na'urar ɗaukar sautin tsirkiya) biyu irin na hambaka, wato masu naɗin waya biyu, da ƙaramar amfilifaya (na'urar ƙara sauti) mai wat 20. Sautin waƙar "Back in Black" ta ƙungiyar mawaƙa AC/DC nake nema. Na ƙure gen (maɓallin da ke ƙara gurnanin sauti) har 10, na kuma haɗa fedal na distoshin (na'urar da ake takawa don ƙara gurnani), amma abin da ke fitowa kamar kukan ƙudan zuma ne, babu nauyi ko kaɗan. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gen ɗin nan da ka ƙure shi ne ya ɓata maka aiki. A faifan "Back in Black" na 1980, makaɗin AC/DC Angus Young yana kaɗa jitar Gibson SG, yayansa Malcolm kuma jitar Gretsch, dukansu ta amfilifayar Marshall mai bawul (bututun gilashi da ke ƙara sauti). Gurnanin da ke cikin sautinsu kaɗan ne ƙwarai. Kaurin da kunnenka ke ji, jita biyu ce ke tafiya tare, ɗaya a sifikar hagu ɗaya a ta dama, ga jitar bas a ƙarƙashinsu. Idan gen ya yi yawa yakan matse sautin, bugu mai ƙarfi da mai taushi su zama ɗaya, tsirkiyoyin su cakuɗe.

Fara cire fedal ɗin. Koma kan fikof na gindi, wanda ke kusa da gadar tsirkiya. A amfilifaya sa gen a 3 ko 4, bas (sauti mai kauri) a 4, midil (sautin tsakiya) a 7, tirebul (siririn sauti) a 5 zuwa 6, ka kashe ribab (amsa-kuwwa). Midil ɗin nan kada ka taɓa rage shi, domin a nan muryar jita take. Masu koyo da yawa sukan kwashe shi su cika bas, sai jitar ta ɓace da zarar ganga ta shigo.

Ga yadda za ka gane ka kai gaci: rage maɓallin ƙarar da ke jikin jitar zuwa 7, ka shafi tsirkiya a hankali. Ya kamata sauti ya fito kusan garau. Sannan ka doka da ƙarfi, a nan ne zai yi gurnani. In ya yi gurnani tun a shafar farko, ƙara rage gen.

Sauran aikin na hannun dama ne. Nemi mabugi mai kauri, milimita 1 ko sama, ka kaɗa buɗaɗɗun kod (tsirkiyoyi da yawa a bugu ɗaya) na E, D da A, sannan ka danne tsirkiyoyin da gefen tafinka nan take. Shirun da ke tsakanin bugu da bugu shi ke ba waƙar ƙarfinta, kuma gen mai yawa yana cika shirun da tsuwwa.

Idan amfilifayarka ta tiranzisto ce mai sifika inci 8, ba za ta tura iska kamar akwatin sifika huɗu masu inci 12 ba. Ɗora ta kan kujera ta fuskance ka, ka ɗan ƙara masta, wato babban maɓallin ƙarar amfilifaya. Wajen solo kawai, inda jita ɗaya ke jan kiɗa, za ka iya taka fedal na obadiraib (mai gurnani mai laushi fiye da distoshin), gen ɗinsa a 2, lebul (ƙararsa) a 8.