Amsa: Me ya sa erojel ɗina na girafin yake tsukewa ya marmashe?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka dafa ruwan girafin oksid (siraran fallayen kabon da oksijin ke manne da su) a otokilef, wato rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai riƙe matsi, digiri 180 na awa 12, jel ɗin ya fito baƙi wuluk gwanin sha'awa, amma bayan busarwa ya tsuke, da an taɓa shi kuma sai ya marmashe. Kana zargin na'urar busarwa, wadda ke busar da daskararren jel ta hanyar mayar da ƙanƙararsa tururi kai tsaye. Na daɗe ina wannan aiki, kuma a ganina ba kasafai laifin yake zama nata ba. Yadda erojel (busasshen jel mara nauyi, mai cike da ramukan iska) zai kasance ya riga ya tabbata tun kafin ka saka shi a ciki.

Fara duba ruwan da ka dafa. Hanyar da kake bi ita ce wadda su Gaoquan Shi na Jami'ar Tsinghua suka wallafa a 2010, su kuma miligiram 2 na girafin oksid a kowace mililita ta ruwa suka zuba. In ruwan ya tsinke ƙasa da miligiram 1, fallayen girafin ba sa samun juna yadda ya kamata, sai ka tashi da jel mai rauni ko gari zalla. Haka nan in ka daɗe kana kaɗa shi a na'urar da ke warwatsa fallayen da girgizar sauti, fallayen sukan kakkarye, ƙananan fallaye kuwa ba sa yin bango mai ƙarfi. Kuma ka wanke asid da gishirin da suka rage tas.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. A wannan zafi na otokilef, kaso mai yawa na oksijin da ke manne da fallayen yana barinsu. Sai su daina son ruwa, su manne da juna, su tatse ruwan da ke tsakaninsu. Tun a nan jel ɗin ya fara tsukewa, ya kuma sandare. Idan ka kai sandararren jel firiza, ruwan ciki zai kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 yayin da yake zama ƙanƙara, bangon ba zai iya lanƙwasa ba, sai ya tsattsage. Tsagar ba ta bayyana sai bayan ya bushe, shi ya sa ake ɗora wa na'ura laifi.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne raba dahuwar gida biyu, kamar yadda su Dan Li na Jami'ar Monash a Ostireliya suka nuna a 2012. Ka zuba bitamin C a ruwan, ka ɗumama shi ƙasa kaɗan da tafasa na ɗan lokaci, daidai ya fara kama jikinsa amma bai yi tauri ba. A nan ne za ka daskarar da shi. Da yake fallayen suna da sauran laushi, ƙanƙara tana girma tana tura su gefe, tana jera su bango-bango kamar saƙar zuma. Sai ka narkar, ka mayar da shi kan zafi ya ƙarasa, bangon ya kafe a yadda ƙanƙara ta tsara shi. Ka wanke, sannan ka sake daskarewa don busarwa. Irin wannan erojel za ka danna shi da yatsa ya lotsa, ka saki ya dawo.

Saurin daskarewa ma zaɓi ne. Ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, yana ba da ƙananan ramuka. Firiza ta digiri 20 ƙasa da sifili tana ba da manyan ramuka da bango mai kauri. In ka ɗora mazubin a kan farantin jan ƙarfe mai sanyi, ka naɗe gefensa da abin da ke hana sanyi shiga, ƙanƙarar za ta hau daga ƙasa zuwa sama, ramukan su miƙe layi guda. Jiƙa jel a ruwan da aka ɗan sirka da itanol kafin daskarewa yana rage tsagewa, sai dai in itanol ya yi yawa zai narke a cikin na'ura. Nan kaɗai nake yarda a zargi na'urar: muddin ƙanƙara ta koma ruwa kafin ta tashi ta zama tururi, ruwan zai janyo bangayen ya haɗe su. Mai hali yana iya busarwa da iskar CO2 sama da digiri 31 da matsin da ya haura bar 74 (bar ma'aunin matsi ne), wadda ta fi adana ƙananan ramuka, amma kayan aikinta da tsada.

Bayan ya bushe, gasa shi a cikin iskar agon, wadda ba ta cin wuta, tsakanin digiri 800 zuwa 1000 yana ƙara masa wuce lantarki da ƙin ruwa. Kada a gasa a iskar ɗaki, ƙonewa zai yi.

Ba ka faɗa mana me za ka yi da shi ba, kuma wannan ya dame ni. Da yawa suna bin rashin nauyi saboda labarin su Gao Chao na Jami'ar Zhejiang, da suka kai miligiram 0.16 a kowane kiyubik santimita a 2013. Aiki ne babba, amma ka tuna sun haɗa da ƙananan bututun kabon don ƙarfafa bango. In tsotse man da ya malala a ruwa kake so, abin aunawa shi ne sau nawa za a matse shi ya sake tsotsa. In kuwa na batir ne ko ma'adanar caji, rashin nauyi yana iya zama hasara, domin cajin da zai riƙe a ɗan wuri kaɗan ne.

In kai kake haɗa girafin oksid ɗinka ta hanyar Hummers, wato wadda ake haɗa asid mai ƙarfi da sinadarin famanganet, don Allah ka riƙe kwanon a cikin ƙanƙara lokacin zuba famanganet, haɗin yana iya fashewa in ya haura digiri 55. Otokilef ma kada ka cika shi, kada ka buɗe sai ya huce.

Turo mana kaurin ruwanka, tsawon lokacin kaɗawa, da yadda ka daskarar, sai mu duba tare.