Amsa ga ɗan'uwan da ke son barin Android ya koma iPhone

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Naga tambayarka tun da safe amma kasuwa bata barni na zauna ba sai yanzu bayan isha'i. Kace ka tara ƴan kuɗi kana so ka rabu da Android ɗinka ka ɗauki iPhone Landan-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, kuma kana tambaya wacce tafi kyan tsari, wacce tafi sauƙin amfani, wacce kuma mutum zai iya juyata yadda ransa yake so. Naga wasu sun amsa maka da kalma ɗaya, wannan yace iPhone wancan yace Samsung, to ni gaskiya banso a barka a haka ba, domin kuɗin nan da guminka ka samesu.

Ni ɗan kasuwar Kantin Kwari ne a Kano, atamfa da shadda da leshi nake sayarwa, kuma fiye da rabin cinikina yanzu a waya nake yinsa. Na daɗe ina riƙe Android, daga baya na riƙe iPhone 11 kusan shekara uku, yanzu kuma duka biyun suna aljihuna, dan haka abinda zan faɗa maka abinda hannuna ya taɓa ne.

Misalin da nake bawa yaran shagona kullum shine, iPhone kamar riga ce ɗinkakkiya da ka ɗauko a kanti, ɗinki ya fita tsaf, aiki ya zauna, ko zare ɗaya baka gani ya fito, amma fa yadda suka yanka haka zaka saka. Android kuma kamar ka yanki yadi biyar ne ka kaiwa tela, kai zaka ce ga irin wuyan da kake so ga irin aljihu, in ka dace da tela ka fito fes, in baka dace ba an ɓata maka yadi. Kuma dalilin hakan a fili yake. Apple su kaɗai ke ƙera wayar su kaɗai ke yin manhajar iOS tun 2007 da Steve Jobs ya fito da ta farko. Android kuwa ta Google ce, ta fara fitowa a waya a 2008, kowane kamfani ɗauka yake ya ɗora nasa kwalliyar a kai, Samsung suna da One UI, Tecno HiOS, Infinix XOS, Xiaomi da Redmi a da MIUI yanzu HyperOS. Shi yasa in mutum yace maka "Android bata da kyau" ka tambayeshi wacce? Domin wanda ke riƙe da ƙaramar itel da wanda ke riƙe da Galaxy S24 duk Android suke cewa, amma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa.

A maganar kyan tsari ba zan ɓoye maka ba, iPhone ta burgeni. Ranar da na fara riƙeta abinda na fara lura dashi shine santsi, ka taɓa abu ya buɗe, ka ja sikirin ya biyo yatsanka kamar ruwa, kuma babu talla ko ɗaya da zata faɗo maka daga sama. Na taɓa riƙe wata Android mai araha, ba sai na kama suna ba, ina tsaka da nunawa wata hajiya hoton leshi talla ta rufe sikirin ɗin gaba ɗaya, tallar ma bata dace a gani ba, wallahi kunya ta kamani sosai ranar. Manyan Android basu da wannan matsalar, amma su ma kuɗinsu ya kama kafaɗar na iPhone. Sai kyamara, wadda ita ce ta sa har yau ban sayar da tawa ba. Shadda kala ce mai wuyar ɗauka, musamman ruwan toka da sararin samaniya da ruwan ƙasa, wata wayar sai ta ƙara mata haske kwastoma ya gani a hoto yace ita yake so, a kai masa kaya Kaduna ko Jos ya kira yace ba ita bace. Da iPhone wannan rigimar ta ragu min ƙwarai, kuma bidiyo in na ɗora a sitatus baya dushewa kamar yadda na saba gani a da.

Amma sauƙin amfani, nan ne nake so ka nutsu, domin sauƙi a Amurka daban sauƙi a Kano daban.

Na farko sim. Waye a cikinmu ke yawo da layi ɗaya? Ɗaya na kira ɗaya na data, wani ma har da na banki daban. Kusan duk Android da ake sayarwa a nan sim biyu take ci. iPhone tun daga XS a 2018 tana ɗaukar layi biyu amma ɗaya eSIM ne, wato layin da ake saka shi cikin waya ba tare da katin sim ba, sai kaje ofishin kamfanin layin an mayar maka dashi, MTN da Airtel suna yi. Masu cin sim biyu na zahiri sune waɗanda aka yi dan kasuwar China da Hong Kong. Sannan ka kula sosai, daga iPhone 14 zuwa sama wadda aka yi dan kasuwar Amurka bata da ramin sim kwata-kwata, eSIM zalla ce. Mutane da yawa sai sun biya kuɗi sun je gida suke ganewa.

Na biyu batir da wuta. Kasan halin da muke ciki. Yawancin Android na yanzu batir 5000mAh suke zuwa dashi, ka cika da asuba ka wuni a kasuwa ka dawo da saura. iPhone 11 batirinta 3110mAh ne tana sabuwa, to ina ga wadda wani ya riƙe shekaru kafin ta iso hannunka. Ni kafin la'asar sai na nemi fawa-bank. Ga zafin garin nan na watan Maris zuwa Mayu, su kansu Apple sun ce wayar an yita ne tayi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa muna haura 40, sai kaga sikirin ya rage haske da kansa ko caji ya tsaya sai ta huce. Android ma tana zafi, ba wai bata yi ba, amma girman batirin yana rufa mata asiri. Sai caja, duk iPhone daga 5 zuwa 14 bakin caja irin na Apple, wato Lightning, gareta, sai a 2023 suka koma Type-C bayan dokar Tarayyar Turai ta matsa musu. Ma'ana in ka manta cajarka a gida ba kowane maƙoci zai iya ara maka ba.

Na uku tura abu. A Android Xender ko Quick Share ko ka zare memori ka saka a wata, ko ka jona da kwamfuta ta buɗe kamar filash. Mahaifiyata duk azumi nake cika mata memori da tafsiri da karatun Alƙur'ani, minti goma an gama. iPhone bata cin memori sam, abinda ka saya dashi zaka zauna, in 64GB ce to ka shirya goge hotuna duk wata. AirDrop, hanyar tura abu ta iPhone, yana da sauri matuƙa amma tsakanin ƴan gidan Apple yafi aiki. Ajiyar kyauta ma iCloud 5GB suke bayarwa, Google kuma 15GB.

Wani ƙaramin abu da ya bani wahala satin farko shine komawa baya. A Android maɓalli ɗaya ne ko jan yatsa daga gefe, ko'ina kake zai maidaka. A iPhone wani wurin ka ja daga hagu, wani wurin sai ka miƙa yatsa can saman kwana. Ana sabawa dai. Amma in za'a faɗi gaskiya, wanda baya son shige-shige, kira da WhatsApp da hoto kawai, iPhone bata ruɗa mutum, setin ɗinta a wuri ɗaya yake kuma duk wadda ka ɗauka iri ɗaya ce.

Juya waya yadda kake so kuwa, wannan filin Android ne, ba gardama. Zaka iya canza lanca, wato manhajar da ke tsara fuskar waya, gaba ɗaya fuskar wayar ta koma wata daban, ka canza salon rubutu, ka canza tambarin manhajoji, ka raba sikirin biyu kana duba lissafi a sama kana hira da kwastoma a ƙasa. Tun Android 12 a 2021 wayar ke ɗaukar kalar hoton da ka saka a fuska ta rina sauran wurare da ita. Rubutun nan da kake karantawa da Gboard nake yinsa, na saka Hausa a ciki shi yasa kake ganin ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai. Ga kuma tagwaita manhaja, Samsung suna kiransa Dual Messenger, Tecno App Twin, ka buɗe WhatsApp biyu ko Facebook biyu ba tare da wahala ba. Ni a iPhone dabarar da nayi ita ce WhatsApp na gida a layi ɗaya, WhatsApp Business a ɗayan. Lokacin da na fara riƙeta ko sautin kira na so in saka karatun da nake so sai da aka bi ta manhajar sauti ta GarageBand aka yanka aka juya, abinda a Android danna biyu ne.

Apple sun sassauto daga baya, a basu haƙƙinsu. iOS 14 a 2020 ta kawo wijet, ƙananan akwatunan da ke nuna bayani, a fuskar waya, iOS 16 a 2022 ta bari ka gyara fuskar kulle, iOS 18 a 2024 ta bari ka ajiye tambari duk inda kake so har ka canza musu kala. Duk abubuwa ne da ƴan Android suka daɗe suna yi.

Sai dai wannan ƴancin yana da nasa haɗarin, kuma ina faɗa ne da zafin abinda na gani. Yarona na shago aka turo masa wani link a guruf wai manhajar data kyauta, ya sauke ya saka, ta nemi izinin karanta saƙonni ya danna mata, kwana biyu tsakani aka kwashe ɗan abinda ke asusunsa, kuɗin da yake tarawa na makarantar ƙanwarsa. Yaron nan a bayan shago na sameshi yana hawaye. Android zata gargaɗeka amma in ka nace zata barka ka saka duk abinda ka ɗauko daga waje, iPhone kuwa a nan ƙasar sai ta App Store. Dan haka in ka zauna a Android, dan Allah Play Store kawai, ka rabu da jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, banda haɗarin ma rufe layin mutum ake yi a kansu.

Daɗewa kuma iPhone tana da ita. iPhone 11 ta 2019 ce amma ta samu iOS 26 da ta fito a 2025, XR kuma ta tsaya a iOS 18, to ka san wannan kafin wani ya lallaɓaka da ita dan tafi araha. Samsung daga S24 da Google daga Pixel 8 sunyi alƙawarin afdet na shekara 7, amma ƙananan Android da yawa basa samun ko rabin haka. Kuma in ka tashi sayarwa ko suwaf, iPhone tafi riƙe daraja. Gyara ne dai in sikirin ya fashe zaka ji a jikinka, na Tecno ko Infinix kuwa duk lungun da ka shiga a kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut akwai kayansu.

To ni shawarata gareka ƙanina, in wayar nan ita kaɗai zaka riƙe, kuma kuɗin naka iyakarsu tsohuwar iPhone mai gajiyayyen batir, ka ɗauki sabuwar Android mai matsakaicin kuɗi a kwali da garanti, RAM kada ya gaza 8GB in hali yayi, zaka fi samun kwanciyar hankali. In kuma sana'arka hoto ce da bidiyo, ko kana da ƙaramar waya ta biyu da zata riƙe maka layuka, to ɗauki iPhone, ba zaka yi nadama ba insha Allahu.

In ita ka yanke, kada ka tafi kai kaɗai, ka tafi da wanda ya sani. A gabanka mai ita zai fita daga iCloud ɗinsa a goge wayar a sake kunnata, in ta nemi imel ɗin wani ka ajiye musu kayarsu, domin wannan kullen ba mai buɗe maka shi. Ka duba lafiyar batir a setin, in ta kusa kashi 80 cikin ɗari ka saka kuɗin canji a lissafinka. Ka gwada Face ID mai buɗe waya da fuska da True Tone mai daidaita kalar sikirin da sifika da kyamarorin duka, ka shiga About a setin ka gani ko an canza mata sikirin ko batir. Ka saka sim ɗinka ka kira wani a wurin dan kada a haɗaka da mai kullen netwok. Ka danna *#06# lambar shaidar wayar wato IMEI ta fito, a rubuta maka ita a rasit mai sunan shago, kasan yadda ƙwacen waya yayi yawa a garin nan, kada wata rana a biyo sawu a sameta a hannunka. Sannan hirarrakinka na WhatsApp da ke Google Drive ba zasu sauka a iPhone kai tsaye ba, sai ka bi ta manhajar Move to iOS tun wayar tana sabon seti kafin ka fara amfani da ita, in ka riga ka shiga sai an sake gogewa. Ka faɗo min nawa ne a hannunka da irin aikin da kake da waya, gobe in Allah ya kaimu bayan na buɗe shago sai in faɗa maka wadda zata dace dakai.